Daga Zauren Majalisar Jiha Ina Ake Dosa? Amsa Ga Mai Tambaya Kan Takarar Yayansa

"Assalamu alaikum Malam. Mutanen garinmu sun taso yayana a gaba sai ya fito takarar ɗan majalisar dokokin jiha. Malamin makaranta ne, yana da rufin asiri daidai gwargwado. Abin da ke damuna shi ne duk waɗanda suka wakilce mu a baya, zango ɗaya suke yi a daina jin ɗuriyarsu, wasu ma har da bashi. Amma ga irin su Fintiri na Adamawa, daga wannan kujera suka kai ga gwamna. Mene ne ke raba waɗannan da waɗancan? Kuma wace shawara zan ba shi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: yadda rayuwar siyasar ɗan majalisar jiha take tafiya tun daga fom har zuwa ranar da zai kwashe kayansa daga ofis, da kuma dalilin da ya sa kujera ɗaya take ɗaga wani ta kuma binne wani. Na yi shekaru ina sakataren kwamiti a majalisar dokokin wata jiha ta Arewa kafin in yi ritaya, na ga an rantsar da zubi bayan zubi. Da wannan idon zan amsa maka. Ban taɓa tsayawa takara ba, don haka zafin rana a filin kamfe ba ni ne zan ba ka labarinsa ba, amma abin da ke faruwa bayan an ci zaɓe, wannan kam a gabana aka yi ta yinsa.

Kujerar kanta

Kundin tsarin mulki na 1999 ya ce kowace majalisar jiha ba za ta gaza mutum 24 ba, ba kuma za ta wuce 40 ba. Shi ya sa Kano da Legas suke da 40, Kaduna da Katsina 34, Sakkwato da Jigawa 30, Zamfara da Yobe da Filato 24. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, don haka dole aka haɗa wasu biyu-biyu a kujera ɗaya, kamar Kura da Garun Malam, ko Bagwai da Shanono, ko Rimin Gado da Tofa. Ka riƙe wannan, domin inda duk aka haɗa ƙasa biyu a kujera ɗaya sai ka tarar da yarjejeniyar karɓa-karɓa, rubutacciya ko ta baka, kuma ita kaɗai ta isa ta yanke wa mutum tazarce komai ƙoƙarinsa.

Sharuɗɗan shiga ba su da wuya. Ya zama ɗan Najeriya, yana da ilimi aƙalla matakin sakandare, jam'iyya ce ta tsayar da shi, shekarunsa sun kai 25. Da 30 ne, sai gyaran da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2018 ya rage. Albarkacin wannan gyara ne Rukayat Shittu ta shiga majalisar Kwara a 2023 tana da shekara 26. Wa'adi shekara huɗu ne, kuma ba kamar gwamna ba, babu iyaka ga yawan zangon da mutum zai yi. Sai wani sharaɗi da ya shafi yayanka kai tsaye: in makarantar gwamnati yake koyarwa, dole ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Wato albashin da ya dogara da shi zai saki ya kama abin da bai zo hannu ba tukuna.

A takarda, ikon majalisar ba ƙarami ba ne. Ita ke yin doka, ita ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke tantance kwamishinoni, tana iya gayyatar kowane jami'i ta tuhume shi, tana iya tsige gwamna. In gwamna ya ƙi sa hannu a ƙudiri cikin kwana 30, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa za su iya mayar da shi doka ko ya so ko ya ƙi. Ko gyaran tsarin mulkin ƙasa ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun yarda. Wannan a takarda ke nan.

Tikiti ya fi zaɓe wuya

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne ɗaukar cewa son jama'a ne ke kai mutum majalisa. Jama'a suna zuwa ne a zagaye na biyu. Zagayen farko na daliget ne da shugabannin jam'iyya na mazaɓu, kuma a jam'iyyar da ke mulki, su ma kunnensu yana gidan gwamnati. Dokar zaɓe ta 2022 ta ba jam'iyyu zaɓin 'yar tinƙe ko daliget ko maslaha. A aikace, maslaha ta fi yawa, kuma ma'anarta sau da yawa ita ce a tara 'yan takara a falon wani babba a ce wane aka tsayar, sauran su yi haƙuri. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin wannan kujera naira miliyan 2, PDP kuma naira dubu 600. A lokacin, dokar ta 2022 ta ƙayyade cewa kada ɗan takara ya kashe fiye da naira miliyan 30 a kamfe. Fom shi ne mafi arha a cikin tafiyar. Abin da ke cin kuɗi shi ne zirga-zirga, da sallamar masu zuwa gaisuwa, da fastoci, da sojojin baka a rediyo, da wakilan akwati ranar zaɓe. A nan ne bashin da ka ambata yake farawa.

Ranar zaɓen ma ba shi kaɗai ake dubawa ba. Zaɓen majalisar jiha rana ɗaya ake yinsa da na gwamna, kuma yawancin masu jefa ƙuri'a jam'iyyar ɗan takarar gwamnan da suke so suke dangwala wa a takardu biyun. Guguwar "sak" ta 2015, wato dangwala wa APC daga sama har ƙasa, ta shigo da mutanen da su kansu ba su zaci za su ci ba, ta kuma yi awon gaba da waɗanda suka daɗe suna hidima. A Kano a 2023, da NNPP ta ɗauki kujerar gwamna sai ta haɗa da rinjaye a majalisa. Wanda guguwa ta shigo da shi, in bai yi saiwa ba cikin shekara huɗun nan, guguwa ta gaba ce za ta fitar da shi.

Akwai kuma kotu. A Zamfara a 2019 APC ta lashe kujerun majalisa, amma a ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce jam'iyyar ba ta yi zaɓen fidda gwani na halal ba, ƙuri'unta sun tashi a banza. Mutane sun ɗinka kayan rantsuwa, waɗanda suka kayar aka rantsar. A Filato a 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta kori 'yan majalisar jiha 16 na PDP kan rikicin shugabancin jam'iyya. Da shari'ar gwamna Caleb Mutfwang ta je Kotun Ƙoli a watan Janairun 2024, sai ta mayar masa da kujerarsa. Su kuwa 'yan majalisar babu inda za su je, domin ƙarar zaɓen ɗan majalisa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa. Laifin jam'iyya ne, su suka biya.

Abin da mazaɓa take jira

Ga inda na fi tausaya musu. Ɗan majalisar jiha shi ne zaɓaɓɓen da ya fi kusa da hannu. Sanata yana Abuja, gwamna yana bayan ƙofofi da 'yan sanda, shi kuwa kowa ya san gidansa, ya san gidan mahaifinsa, ya san masallacin da yake sallar Juma'a. Na sha zuwa gidan shugaban kwamitina da sassafe in kai masa takardu ya sa hannu, in tarar da zaure cike: mai takardar asibiti, mai kuɗin jarrabawar ɗa, mai haihuwa, mai neman a sa baki a ɗauki ɗansa aiki, da wanda ya zo kawai a gan shi. Ba wanda ya zo tambayar wane ƙudiri Onarabul ya gabatar. Ban ga laifinsu ba, domin asibitin da ya kamata ya ba su magani ba ya bayarwa, shi suke iya kamawa.

Albashi da alawus ba su isa wannan hidima ba, ko da kuwa mutum bai ci ko kwabo a gidansa ba. To daga ina cikon zai fito? Daga ayyukan mazaɓu, da guraben aiki, da kujerun Makka, da takin zamani, da 'yar kwangila. Dukkansu kuma a hannun ɓangaren zartarwa suke. Ka ga yadda igiyar take ɗaurewa: mutumin da aka zaɓa don ya sa ido a kan gwamna, shi ne kuma yake buƙatar gwamna ya sakar masa abin da zai kai gida. Wannan ne asalin abin da mutane ke kira 'yan amshin shata. Ba duka ne marasa zuciya ba, tsarin ne ya sa cokalinsu a hannun wanda za su bincika.

Har kuɗin gudanar da majalisar kanta ya daɗe yana fitowa daga teburin gwamna. A 2010, da aka kawo gyaran da zai ba majalisun jihohi 'yancin kuɗinsu, ba a samu adadin jihohin da ake buƙata ba, wato su da kansu suka ƙi karɓa. Sai a 2018 gyaran ya shiga tsarin mulki. Buhari ya fitar da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 10 a 2020 don tilasta aiwatarwa, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a 2022, aka sake wani gyaran a 2023. Mu ma'aikatan majalisa mun yi yajin aiki a kan wannan batu a 2021. Na tuna wata shekara da kwamitinmu zai fita duba ayyukan wata ma'aikata, babu kuɗin mai, sai ma'aikatar da za mu bincika ce ta turo mota ta kuma yi mana abincin rana. Ka faɗa mini wane irin rahoto za a rubuta bayan an ci an sha.

In kana son ganin ƙarfin gwamna a kan zauren ƙarara, dubi dokar masarautun Kano. A watan Mayun 2019 majalisa ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye cikin 'yan kwanaki, lokacin Ganduje. A watan Mayun 2024, lokacin Abba Kabir Yusuf, majalisa ta rushe dokar, ita ma cikin gaggawa. Ba ina cewa wannan ce daidai ko waccan ba. Ina nuna maka ne inda iskar take kaɗawa.

Waɗanda suka haura

Yanzu ga Fintiri. Ahmadu Umaru Fintiri ya shiga majalisar Adamawa a 2007 yana wakiltar Madagali, ya hau har ya zama kakaki. Tsarin mulki ya ce in babu gwamna babu mataimaki, kakaki ne ke riƙe jiha. Sau biyu wannan ya faɗo a kansa. Na farko a watan Janairun 2012, da Kotun Ƙoli ta ce wa'adin Murtala Nyako da wasu gwamnoni huɗu ya ƙare, ya riƙa na 'yan kwanaki har aka yi zaɓe Nyako ya dawo. Na biyu a watan Yulin 2014, da majalisar da yake jagoranta ta tsige Nyako, aka kuma ce mataimakinsa Bala Ngilari ya yi murabus. Fintiri ya riƙa kusan wata uku, har ya samu tikitin PDP na zaɓen cike gurbi, sai kotu a Abuja ta ce murabus ɗin Ngilari bai bi ƙa'ida ba, aka rantsar da Ngilari a watan Oktoba. Daga baya ma kotu ta ce tsige Nyako bai inganta ba, sai dai wa'adinsa ya riga ya wuce. Fintiri ya yi shekara huɗu a waje, sannan a 2019 ya kayar da gwamna mai ci Jibrilla Bindow, ya sake ci a 2023.

Ka lura da abin da ya ɗaga shi. Ba zaman ɗan majalisar Madagali ba ne, kujerar kakaki ce, ita ta fitar da sunansa daga ƙaramar hukuma ɗaya ta kai shi jiha gaba ɗaya. Haka Rotimi Amaechi: kakakin majalisar Ribas daga 1999 zuwa 2007, gwamna shekara takwas, sannan ministan sufuri. Haka Simon Lalong: ya shiga majalisar Filato daga Shendam a 1999, ya yi kakaki daga 2000 zuwa 2006, ya yi shekaru babu muƙami, ya zama gwamna a 2015, daga baya minista, sannan sanata. A Kano, Kabiru Alhassan Rurum ya yi kakaki sannan ya wuce majalisar wakilai a 2019, Yusuf Abdullahi Ata na Fagge ya yi kakaki, a 2024 ya zama ƙaramin minista. Kusan duk wanda za ka lissafa ya bi ta wannan ƙofa. Kujerar kuwa ɗaya ce tak a cikin 24 ko 40, kuma da wuya a ba sabon shiga, da wuya kuma a ba wanda gwamna bai lamunta ba.

Ita ma kujerar kakakin tana da santsi. Kashi biyu cikin uku suka sa hannu, an gama. Rurum ya sauka a 2017 Ata ya hau, a 2018 aka tsige Ata Rurum ya dawo. Abdul'aziz Garba Gafasa, wanda ya taɓa yin kakaki zamanin Shekarau, ya sake hawa a 2019, ya yi murabus a ƙarshen 2020 Hamisu Chidari ya karɓa. Mudashiru Obasa na Legas, da yake kakaki tun 2015, an tsige shi a watan Janairun 2025 yana ƙasar waje, ya dawo kujerarsa a watan Maris. Mu da ke aiki a ciki mukan gane za a yi juyin ne in muka ga 'yan majalisa sun daina taruwa a ofis sun koma otal, ana yawo da takarda cikin dare, sannan akawun majalisa ya fara tambayar inda aka ajiye sandar majalisa.

Game da fito-na-fito da gwamna, tarihi ya nuna majalisa takan yi nasara ne in akwai wani ƙarfi a bayanta. Balarabe Musa na PRP, wanda aka tsige a Kaduna a watan Yunin 1981, majalisar da NPN ke da rinjaye ce ta tsige shi. Nyako ya riga ya bar PDP ya koma APC, ya kuma ɓata da fadar shugaban ƙasa. Gwamnan Filato Joshua Dariye a 2006 'yan majalisa ƙalilan ne cikin 24 suka tsige shi, kotu ta dawo da shi a 2007. Ɗan majalisa guda da ya miƙe shi kaɗai kuwa, abin da ya fi samu shi ne dakatarwa. Rifkatu Danna ta Bogoro a majalisar Bauchi an dakatar da ita a 2012 bayan ta yi adawa da ɗauke hedikwatar ƙaramar hukumar Tafawa Ɓalewa. Kotu ta ba ta gaskiya, amma shari'a ba ta sauri kamar wa'adi.

Sai sauya sheƙa. Sashe na 109 na kundin tsarin mulki ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai in jam'iyyar ta dare. Kakaki ne ke ayyana kujera a matsayin wadda babu kowa, don haka wanda ya koma ɓangaren kakaki da gwamna yakan kwana lafiya, wanda ya bar su shi ake karanta wa sashen.

Sauran, waɗanda ba su haura ba, ba duka ne suka lalace ba. Wasu sukan koma kwamishina ko mai ba da shawara ko shugaban ƙaramar hukuma, wasu shugabancin jam'iyya. Na san wani da ya yi zango uku bai taɓa riƙe muƙami a zauren ba, maganarsa ma ba ta da yawa, amma duk ƙarshen mako yana ƙauye, ya san sunan kowane mai unguwa, kuma duk kasafi sai ya bi ma'aikata ofis-ofis har an saki kuɗin rijiya ko ajin da aka rubuta wa mazaɓarsa. Na kuma san wanda ya fi kowa iya muhawara, ya tare a babban birni, ya sauya lambar waya, daliget suka yi masa ritaya tun a fidda gwani. Waɗanda suka fi shan wuya su ne waɗanda suka sayar da gona ko gida suka shiga, suka saba da rayuwar da kujera ce ke ɗaukar nauyinta, suka fito babu sana'ar komawa.

Abin da za ka gaya wa yayanka

Ban san mazaɓarku ba, ban san jam'iyyar da yake nufi ba, kuma waɗannan biyun su ne rabin amsar. Amma in ni ne kai, zan zaunar da shi in tambaye shi: su waye "mutanen gari" da ke kiransa? In a cikinsu babu shugabannin jam'iyya na mazaɓu, babu wanda ke da ƙofa a wurin mai tsayar da 'yan takara, to masu fatan alheri ne kawai, wasunsu ma masu jiran a fara rabon kuɗin mota ne. Ya bincika ko zagayen yankinku ne a karɓa-karɓa. Ya duba ko mai kan kujerar yana neman tazarce kuma yana ɗasawa da gwamna, domin in haka ne, fom ɗinsa sadaka ce ga jam'iyya. Ya sa lauya ya duba takardunsa tun kafin ya sayi fom, saboda bambancin suna ko shekarar haihuwa tsakanin takardar firamare da ta sakandare ya isa a kai shi kotu bayan ya ci.

Kan kuɗi, ya ware abin da in ya ƙone ba zai hana iyalinsa cin tuwo ba, ya tsaya a nan. Kada ya taɓa gidan da yake ciki. In wani attajiri ya ce zai ɗauki nauyin komai, ya tambaye shi tun yanzu da me za a biya shi, don ranar biya tana zuwa. Batun ajiye aiki kuma, ya je ofishin da ke kula da fansho ya ji matsayin shekarunsa kafin ya rubuta takarda, kada ya dogara da jita-jitar cewa za a mayar da shi in ya faɗi.

In Allah ya ba shi, shekarar farko ya koyi dokokin zaman majalisa da yadda ake karanta kasafi, ya nemi shiga kwamitin ilimi tunda fagensa ne, ya riƙa zama da ma'aikatan kwamiti domin su suka san inda tsofaffin fayiloli suke. Malamin makaranta yana da wani jari da 'yan kasuwa ba su da shi: ɗaliban da ya koyar shekara da shekaru yanzu su ne masu katin zaɓe, wasunsu ma su ne daliget. Ya fara da lissafa su, gunduma-gunduma, ya ga ko sun kai yawan da masu zuga shi suke faɗa.